Ranar da Baba Ya Tsaya Shi Kaɗai a Layi

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, amma sai a makon jiya, a nan Greensboro ta Amurka, na ga girman abin da ya yi ina yarinya.

Zamanin Turawa ne. Ɗan majalisar yankinmu ya rasu, aka ce za a yi zaɓen cike gurbi. A ƙauyenmu lokacin babu akwati babu takarda, layi ake yi a bayan wakilin ɗan takara, a ƙirga mutane. Mata ba sa zaɓe, namu leƙe ne ta saman darni, kuma mun leƙa har wuya ya ƙage.

'Yan takara biyu ne, na dagaci da wani malamin makaranta. Malamin ya bi gida-gida yana raba goro, kowa ya karɓa ya tauna ya manta. Baba ma ya karɓa. Sai dai a wurinsa, wanda ya ci goron mutum ya ɗauki alkawari. Ga shi kuma fadamar da take ciyar da mu aron dagaci ce.

Ranar zaɓe dagaci ya zauna a gindin tsamiya yana duban fuskar kowa. Gari kaf ya bi layin ɗan takararsa. Baba ya gyara hula, ya ratsa filin nan ba gaggawa, ya tsaya a ɗaya gefen shi kaɗai. Ƙanensa ya biyo shi yana raɗa, "Yaya, fadamar fa?"

Baba ya ce, "Na ci goronsa, Habu."

Kafin rani ya zagayo an karɓe fadamar. Mun sha kunu ba tuwo a shekarar, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba.

Makon jiya na yi zaɓena na farko a ƙasar nan, a wata makaranta kusa da titin Wendover. Inda ake zaɓen ɗan wuri ne mai labule. 'Yata Zainab ta ce, "Mama, ki ja labulen, ba wanda zai san wa kika zaɓa."

Na tsaya riƙe da labulen. Da Baba ya samu wannan ƙyallen, da fadamarmu tana nan. Na san kuma da ya gan shi dariya zai yi, ya tambaya ko abin kunya ake aikatawa a ciki.

Baba bai bar mana gona ba, tsayuwar nan ya bari. Na saki labulen a buɗe, na yi zaɓena.