Kwalbar Verna

Duk wanda ya taɓa jefa fatsa a yankinmu na kudancin Alabama ya san ƙwaron kamun kifi da Odell Tarver ke ƙerawa. Toshiyar kwalba yake ferewa, ya ƙwaƙule bakinta don ta riƙa yin ɓul in an fizge ta a kan ruwa, ya dasa mata ƙugiya, ya ɗaura gashin zakara a wutsiya da ƙafafun roba, sannan ya shafa fenti. Da kifayen bas masu faɗin baki, da birim ƙananan nan da ba su wuce tafin hannu ba, babu wanda ke iya kawar da kai. Odell kan ce bayan ƙwaro na mai saye ne, ciki kuwa na kifi, tunda shi daga ƙasa yake kallo. Kuma a cikin nan sirrin yake, wani launi ne tsakanin kore da ruwan ɗorawa wanda matarsa Verna ke haɗawa a tsohuwar kwalbar zuma.

Ni maƙwabcinsa ne, tun muna samari muke shiga jirgin ruwa ɗaya, amma sai da Verna ta rasu na san Odell ba ya bambance ja da kore da ruwan ƙasa. Haka aka haife shi. Ita ce ke jera masa kwalaben fenti a bakin taga, kowace da mazauninta, hannunsa ya haddace. Ba wanda ya sani, don Odell mutum ne mai taurin kai da gudun tausayi.

A al'adarmu in an yi mutuwa, matan coci ke karɓe gida. Sun zo da soyayyar kaza da burodin masara, muna can maƙabarta suka share ko'ina ƙal. Sista Lurleen, wadda ba ta iya ganin ƙura ta yi barci, ta goge kwalaben nan ta jera su daga doguwa zuwa gajera. Ta zumar kuwa ta ga saura ɗan kaɗan a gindi, ta haɗa da shara. Da zuciya ɗaya ta yi, na sani, amma har yau in na ganta gaisuwar da ƙyar take fita.

Odell ya ci gaba da shafa fenti yadda hannunsa ya saba. Da ruwa ya fara ɗumi, birim suka matso gaɓa don yin ƙwai, ya kai sabon aikinsa shagon Cleve da ke bakin tafki. Ina wurin. Ƙwarinsa masu siffar kwaɗo sun fito ja maimakon kore, bakin da ya kamata ya zama ja ya fito ruwan ƙasa. Cleve ya ɗaga ɗaya yana dariya ya ce, "Tsoho, wannan kwaɗon dafa shi ka yi?" Mutane suka fashe. Odell ya tattara kayansa a hula ya fita, ni kuwa na ji kamar in kifa wa Cleve tukunyar kofinsa a ka.

Da yamma Odell ya turo ƙofata da kwalabe cikin kwali. Bai zauna ba. "Hoyt," ya ce, "faɗa min wacce ce wacce." Nan ya gaya min komai, idonsa a ƙasa.

Jera kwalabe ba wuya. Launin ciki ne ya gagara, don Verna ba ta taɓa gaya wa kowa abin da take zubawa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba, tunda ko an faɗa ba gani zai yi ba. Ƙwaro ɗaya tak ya rage mai ɗauke da fentinta, wanda ke maƙale a hularsa. Na ajiye shi a gabana na yi ta garwaya kore da ɗorawa har na fitar da kala uku da nake ganin sun yi kusa, muka shafa wa ƙwari uku. Odell ya ce idona ba alƙali ba ne, Verna ma ba ta yarda da nata ba sai ta tambayi kifi.

Muka tura jirgi da sassafe zuwa gefen bado, inda ba mu taɓa dawowa hannu wofi ba. Ya jefa na farko, shiru. Na biyu wani birim ya taso ya leƙa ya juya. Na uku ko leƙen babu. To a nan gizo ke saƙa, don ba mu san ko launin ne bai yi ba ko kuwa kifin ne ba sa ci ranar. Hanya ɗaya ce ta sani, wato a gwada na Verna. Na ce ya bari mu dawo gobe, ya ƙi. Ya zare na Verna daga hula, ya ɗaura a zare.

Ko fizga ta biyu bai kai ba ruwa ya dare. Wani ƙaton bas ya haɗiye shi ya nutsa cikin saiwar bado. Zaren na ƙananan kifi ne. Odell ya sassauta, ya lallaɓa, ya yi duk abin da gwani ke yi, amma zaren ya tsinke.

Wani lokaci kifi kan girgiza ƙugiya ta fita, ƙwaron ya taso tunda toshiya ba ta nutsewa. Saboda haka muka zauna jira. Ni ke dubawa, don shi duk abin da ke kan ruwan nan kala ɗaya ne a idonsa. Rana ta take, ta karkata, sauro suka fara cin rabonsu. Ban ga komai ba sai ganye.

Ina ɗaukar filafilin tuƙi Odell ya riƙe hannuna. "Kai dai ka sha ganinsa," ya ce a hankali. "Yaya yake? Kwatanta min."

Na buɗe baki. Tun ƙuruciya nake kallon launin nan, jiya jiya ma yana gabana a kan tebur. Na ce kore ne, amma ba kore sosai ba, sai na rasa abin da zan ƙara. Ya jira ni ɗan lokaci, sannan ya saki hannuna ya fara naɗe zarensa.