Inna ta ce in bar shinkafata

Na ɗora buhun shinkafa kan zem, wato babur ɗin haya, a nan Zongo, na kira Inna can gida in ce mata saƙo na tafe.

"Bar shi, ɗan nan. Bana Sani ya cika rumbu."

Sani ƙanena fa! Wanda muke wa dariya don ya bar gawo da kaɗanya cikin gero. Da ruwa ya ɗauke, gonarsa kaɗai ta yi. Wai har biyansa ake don itatuwan suna shanye hayaƙin duniya.

"To ni fa, Inna?"

"Kai ma Allah ya yi maka albarka."

Kai MA? Da, da ni ake farawa.

Jama'a, wa ƙaninsa ya taɓa mayar da shi "kai ma"?