Susta Biyu a Kan Farin Ƙyalle

Ƙamshin man bindiga ne ya ja ni saman soro, ranar Juma'ar da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, ina shekara tara. A nan na tarar da Baba, wanda askari ne, wato jami'in tsaro, ya shimfiɗa farin ƙyalle a inuwar tankin ruwa, tattabarun unguwarmu Misfala suna kewaya shi. Ya cire harsasai ya kulle a akwati, ya warware ƙaramar bindigarsa gunduwa-gunduwa. Bai kore ni ba. Ya ɗauko wata siririyar waya mai murɗe-murɗe, ya ce sunanta susta, ita ke mayar da saman bindiga mazauninsa bayan kowane harbi. Idan ta gaji, kwanson harsashi yakan yi tsalle da nisa, bindiga ta ƙi rufuwa daidai a lokacin da rai ke bukatarta. "Ba a jira ta karye," in ji shi, "tun tana gajarta ake sallamarta."

Ya jera tsohuwa kusa da sabuwa, ya ce, "Duba min, ya binti, ɗiyata." Na kwanta rub da ciki, na ga tsohuwar ta gaza da kamar tsawon ƙwayar shinkafa biyu. Na faɗa masa. Bai ko sake dubawa ba, ya canza ta, ya ba ni tsohuwar. A idona ta yi kama da igiyar ruwa da aka daskarar.

Gwaggo Hajara, yayar Baba, ita ta tayar da rigima. "Ɗiya mace da ƙarfen kisa? Yalla, maza sauko ki tsince shinkafa!" Juma'a ta gaba ta datse ƙofar soron bayan Baba ya hau, ta soke makullin a gefen zaninta. Ni da ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, na gama tsintar shinkafa tsaf, na wanke kofunan shayi, sannan na zauna a matakala na jingina da ƙofar. Na ƙi abincin rana, na ƙi wasan igiya da ƙawayena suka kira ni. "Sai dai ki ɗauke ni," na ce wa Gwaggo. Da la'asar ta jefo min makullin tana cewa taurin kaina na gidan su uwata ne. Tun daga ranar ba wanda ya sake hana ni wurina a gefen ƙyallen.

Yanzu an rushe gidan, otal ya tsaya inda tankinmu yake, sustar tana cikin akwatin sarƙoƙina. Har yau ban nemi gafarar Gwaggo kan wannan zaman ba, kuma ba zan nema ba. Sai bayan rasuwar Baba Umma ta gaya min yanar ido ta fara rufe masa gani tun shekarar, ya ɓoye don kada a sallame shi daga aiki. Ashe duk Juma'o'in nan da idona yake gani.