Ciyawar Ɗaure Kifi

Ina tsaye a layin masu kifi, sai ga wani dattijo dogo, tabaransa ɗaure da zare, laka ta bushe a wandonsa har gwiwa. Ba kifin yake kallo ba. Ciyawar da mai kifin take ɗaure kayanta da ita ya ƙura wa ido.

Ya zaro sili ɗaya yana murzawa tsakanin yatsu. Karanta mai kusurwa uku ne kamar na kajiji, sai dai kanta ja ne.

"Baiwar Allah, ina kika samo wannan?"

"Ciyawar, Baba? A kurmin bakin kogi, ƙarƙashin manyan itatuwan nan."

"Shekara goma sha ɗaya ina nemanta. Sai a inuwa, cikin laka, take fitowa. Na ɗauka ta ƙare."

Ni dai na saki baki. Ko malamin tsirrai ne da ya yi ritaya, wanda iyalinsa suka gaji da wanke masa wando? Mutum da furfurarsa, idonsa ya kawo ruwa a kan abin da nake watsarwa a bola duk mako!

Ya dubi mai kifin. "Don Allah ki kai ni wurin."

"Wane wuri kuma? Ai shekaranjiya masu katako suka gama da kurmin. Shi ya sa na tuge ta kaf, kada ta tafi a banza."

Ga shi nan durƙushe cikin ruwan wankin kifi, yana tona kwandon shararta sili-sili, ko zai dace da guda mai saiwa.