Evald da Layin Sama

A Tallsund, ɗan garin masunta da ke gaɓar tekun Finlan, kowane allon titi layi biyu ne: harshen masu rinjaye a sama, ɗayan a ƙasa. Tun kaka da kakanni Suwidanci ne a sama, Finlanci a ƙasa. Evald Sjöholm ke kula da allunan nan tun yana saurayi. Taurin kai kuwa ba a magana. Layin sama ya sha fenti har ya ƙoshi, na ƙasa ko oho.

To, tsofaffi suna ta mutuwa, matasa suna ta kwarara birni, har aka fara cewa ƙiris ya rage Finlanci ya hau sama. Evald ya ce ba dai yana numfashi ba. Ya sa 'yarsa Gunnevi a gaba da kiran waya, sai da ta yarda ta dawo daga birni da yaranta huɗu. Ya bar musu gidan gado, shi ya koma ɗakin ajiyar kwalekwale a bakin ruwa, sanyi na cin ƙashinsa, yana murna. Mijinta Tapani mai Finlanci ne, amma me mutum ɗaya zai yi da masu Suwidanci biyar?

Shekara na zagayowa, majalisar gari ta kira shi ta ce a juya alluna, masu Finlanci sun yi rinjaye.

Ya faɗa kicin wurin Gunnevi ko takalmi bai cire ba.

"Ke, daga ina suka ɓullo? Ni ban ga baƙo ko ɗaya ya tare a garin nan ba!"

"Baba, zauna ka sha kofi."

"Kofin me! Tambayarki nake."

Ta ajiye buta a hankali. "Mu ne baƙin, Baba. Tun a birni muka yi wa yaran rajista da Finlanci a matsayin harshensu, saboda makaranta."

Wato shi da kansa ya kawo su, har da ba su gida!

"Yaran da ke kirana kaka da Suwidanci?"

"Iyakar Suwidancinsu ke nan, Baba. Tun bazara suke nan, ka taɓa zama ka yi hira da su?"

Evald ya sulale kan benci. A ɗakin ciki jikokinsa suna ta faɗa a kan wasa. Ya kasa kunne, ya daɗe yana jira, kalmar Suwidanci ko ɗaya ba ta fito ba.