Gwanin Ɗaure Waya a Gaɓar Carnac

Ban san shi ba, amma tun safe nake kallonsa a bakin teku, inda masu tseren jiragen ruwan da iska ke turawa, irin masu tagwayen kwale-kwale, ke shiri. Dogo ne mai furfura, rigar ruwansa sabuwa fil, ko gishiri bai taɓa ta ba. Yana kaɗa wayar da ke riƙe da sandar jirgin kamar mai gurmi, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Ya sassauta, ya sake ɗaurewa. Ya kwanta rigingine a yashi yana leƙen zanen da ke kama iskar da ido ɗaya, wai tumbin zanen ya yi yawa.

Abokiyar tuƙinsa tana zaune gefe, ta cinye burodinta, ta fara nasa.

"Gwendal, don Allah mu tafi. Kowa ya shiga ruwa."

"Ƙyale su, Soizig. Sandarsu ta kwanta baya da yawa. Za su gani."

"Su za su gani, mu kuwa sai dai mu ji labari."

Ina zaton littattafan sanin iska sun cika masa ɗaki, kuma jirgi bai taɓa kifewa da shi ba. A garinmu kuwa, wanda bai taɓa kifewa ba, bai taɓa fita ba.

Can nesa aka busa ƙahon fara tsere. Sai na ga kafaɗunsa sun saki, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya miƙe, ya shafa zanen, ya ɗaga murya don mu ji:

"Yauwa! Yanzu ya yi daidai."