Ranar da Kwamfutar Akawu Ta Yi Shiru

Har yanzu Akawu ake ce masa a layinsu, ko da yake rabonsa da ofis an daɗe. Ya yi ƙuruciyarsa yana buga tafireta a wani dogon ɗaki da ke bayan kotu, inda takardu ke jibge har saman kabad, fanka kuwa sai ta ga dama take juyawa. Abokan aikinsa sukan ce yatsunsa sun fi bakinsa magana, kuma ba ƙarya suka yi ba. Mutum ne mai tsantseni, wanda waƙafi ɗaya in ya zauna inda bai dace ba sai ya hana shi cin abincin rana.

Hawan jinin ido ne ya raba shi da aikin. A hankali abin ya zo, ya fara cin gefe-gefe, ya bar masa ɗan haske a tsakiya, daga baya shi ma ya ɗauke. Mutane sun zaci duhun ne zai fi damunsa. Ba shi ba ne. Abin da ya fi ci masa rai shi ne a karanta masa takarda. Duk wanda ya karanta wa makaho abu, sai ya zama alƙali a kansa: ya tsallake layin da ya ga ba shi da amfani, ya dunƙule shafi guda a jimla ɗaya, ya ce, “Sauran duk surutu ne.” Kuma masu ƙaunarka sun fi kowa yin haka.

Matarsa ma ta yi masa. Tela ce, kekenta na falo kusa da taga, shi kuwa yana tsokanarta da “Uwar ɗakina” tun suna da ƙuruciya. Ranar da likitan ido ya ba su sakamako na ƙarshe, ta duba takardar ta ce an rubuta a ci gaba da ɗiga magani, za a ga sauƙi. Sai da ya koma asibiti ya ji daga bakin likitan cewa takardar ta faɗa ƙarara ganin ba zai dawo ba. Bai yi mata faɗa ba, don ya san tausayi ne. Amma daga ranar bai sake miƙa mata ko takardar kuɗin wuta ba, ita ma ta lura, abin ya zauna a tsakaninsu ba wanda ya taɓa shi.

Wata malama a cibiyar koyar da makafi sana'a ce ta haɗa shi da abin da ya cece shi. Ta sa masa babbar manhaja ta kyauta a tsohuwar kwamfutarsa, irin wadda mutane daga ko'ina suke haɗuwa su gina, kowa kuma yana da damar buɗe cikinta ya gyara. A ciki akwai murya mai karanta duk abin da ke kan allo. Muryar ba daɗi, kamar mai mura yana magana ta cikin gwangwani, amma ba ta da tausayi, abin da Akawu ke nema ke nan. Ba ta tsallake ko ɗigo. Da ita ya koma aiki: masu bincike da 'yan rediyo suna turo masa hirarrakin da suka naɗa, ya saurara ya mayar da su rubutu, muryar ta karanta masa abin da ya buga ya gyara. Kunnensa da wannan murya su ne kaɗai suka tsaya tsakaninsa da zama mutumin da ake karanta wa takarda, kuma ya san haka sarai.

Ɗakin aikinsa ƙarami ne, tsohon sito. Tebur ɗaya, kujerar katako da matashi, akwatin kwamfuta a ƙasa, madannai da haruffansu suka goge, sifika biyu a dama da hagu. Allo kam babu. Ya daɗe da bayar da shi ga wata makaranta, wai cin wuta kawai yake yi. Baƙi sukan leƙo su ga mutum yana bugu da sauri yana fuskantar farin bango, su fita suna mamaki, shi kuwa abin yana yi masa daɗi fiye da yadda ya kamata. Ni dai a ganina akwai 'yar fankama a ciki, amma wa zai hana shi?

An daɗe kwamfutar tana sanar da shi cewa sigar da yake kai ta tsufa, za a daina aiko mata gyare-gyaren tsaro. Ya yi ta ɗagawa, har wata safiya da ba aiki a gabansa ya ce yau dai a yi ta ta ƙare. Ya kwafe ayyukansa a filashi, ya tabbatar batirin ajiya ya cika ko da wuta za ta ɗauke, sannan ya ba da umarnin sabuntawa. Muryar ta shiga lissafa abubuwan da ake saukewa da waɗanda ake cirewa, yana zaune da kofin shayi yana saurare. Can tsakiyar wata kalma ta yanke.

Ya jira. Ya danna maɓallin da ke sa ta maimaita layi, shiru. Ya shafa wayoyin sifika har inda suka shiga, duk suna nan daram. Ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, da ɗumi, fankarsa na hurawa, amma babu wannan ɗan kakkarwar da yake ji in na'urar tana rubutu. Nan ya gane abin da ya faru. Sabuntawar ta kai ga sashen sauti ta kashe shi don ta canza shi, sannan ta tsaya tana tambayar wani abu, tana jiran amsa. Tambayar tana can a rubuce, a kan allon da babu shi. In ya danna wani abu da ka, yana iya amsa abin da bai sani ba. In ya kashe ta, za ta tashi rabi tsohuwa rabi sabuwa, ko ma ta ƙi tashi. Tsoro ya kama shi, irin wanda rabonsa da shi tun farkon makantarsa.

Yana jin ƙarar keken ɗinki daga falo, ya ɗaga murya ya yi kira.

“Uwar ɗakina.”

Keken ya tsaya. “Na'am, Malam?”

“Ki taimaka ki je wurin mai kemis, ki ce ina roƙon aron allon kwamfutarsa na ɗan lokaci. Da wayarsa.”

Ba ta tambaye shi dalili ba, shirun ɗakin ya riga ya gaya mata. Ta dawo rungume da allon tana haki, ya laluba bayan akwatin ya soka wayar da kansa. Ya ji ta jawo kujerar roba ta zauna kusa da shi, ya ji ta buɗe gidan tabarau.

“Ya kawo,” ta ce. “Wani akwati ne shuɗi da rubutun Turanci. Suna tambaya ne, ko a bar na da, ko a sa sabo.”

“Na me?”

“Ai shi ke nan abin da suka ce.”

“Ba shi ke nan ba. Na'ura ba ta tambaya ba tare da ta faɗi sunan abin ba. Akwai layin da kika tsallake.”

“Wani dogon abu ne duk sanduna da ɗige-ɗige, ba magana ba ce.”

“Shi nake so! Don Allah kar ki zaɓa min, ki karanta abin da ke wurin.”

Muryarsa ta fi yadda ya yi niyya kaifi. Ta ce a hankali, “Malam, sau ɗaya na yi maka wannan laifin, ka yi shekaru kana hukunta ni. Yau kai ka kira ni, ba ni na kawo kaina ba. Ka yi haƙuri da ni, Turancina na firamare ne.”

Kunya ta rufe shi. Ya ce, “Gaskiyarki. Bi shi harafi-harafi, ba sauri muke ba.”

Haka suka yi. Tana kiran haruffa, in ta zo kan alamar da ba ta san sunanta ba ta kwatanta: sanda mai jingina, ɗigo biyu a tsaye, ƙaramar tsutsa a kwance. Yana haɗa su a kansa har sunan ya fito. Fayil ɗin saitin sauti ne. Layin ƙasa kuma ya ce an taɓa canza wannan fayil da hannu, shi ya sa ake tambaya.

“Ka canza shi?” ta ce.

Ya yi tunani. Ya taɓa abubuwa da yawa a cikin wannan na'ura tsawon shekaru, yau ɗan gyara, gobe ɗan ƙari, bai riƙe su duka ba. “Ban tuna ba. Ko ma mene ne, tsohon saiti a sabon tsari rigima yake kawowa. A sa nasu.” Ta gaya masa inda alamar zaɓi take, ya matsar da ita ya danna. Akwatin ya soma kakkarwa a ƙarƙashin hannunsa, ya sauke ajiyar zuciya.

Sauran ya ɗauke su har bayan azahar. An sake tsayawa, wai wuri ya cika, ya sa ta karanto masa jerin tsofaffin fayilolin da aka sauke, ya share su. Wani ɓangare ya ƙi shiga saboda yana jiran ɗan'uwansa, ya buga umarnin da ke ƙarasa abin da ya rage a rataye. Zuwa lokacin ta ware, har tana yi wa na'urar tsiya, wai ta fi kwastoman ɗinkin da ke canza ra'ayi bayan an yanka yadi. Ya yi dariya. Ya manta rabon da su zauna kafaɗa da kafaɗa a kan abu ɗaya haka.

Daga ƙarshe kwamfutar ta kashe kanta ta sake tashi. Ya buga kalmar sirri, ya danna maɓallan da ke tayar da muryar, ya karkata kai. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru.

“To, sabon aiki,” ya ce. “Wataƙila ta tura sautin ta wayar allon nan, ko manhajar da ke tafiyar da sifika ce ba ta hau ba. Bari in tambaye ta na'urorin da take gani.”

Ya ji matarsa ta ajiye tabarau a kan tebur, ta tashi ta zagaya bayansa inda tulun roba yake, ta fara tsiyaya ruwa a kofi. Ya ci gaba da bugu.

“Ka sa harafi ɗaya sau biyu,” ta ce daga bayansa.

Ya goge, ya gyara, sannan yatsunsa suka tsaya. Tabaraunta na nan kusa da gwiwar hannunsa, ya taɓa shi. Ba tabarau ko sunanta a kan takarda ba ta iya gani.

“Ta ina kika gani?”

Ruwan ya daina zuba. Ta zo ta tsaya a gefensa, yana jin numfashinta. Ya san tana da hanyar fita, tana iya cewa ta hango ne, ko yatsunsa ta kalla, kuma da ya karɓa.

“Ba gani na yi ba, Malam. Ji na yi. Tana magana. Tun da ka danna na farko take magana.”

Yanzu ya tuna abin da ya canza a fayil ɗin. Wata rana can baya ya ga kamar sifikokin sun yi rauni, ya shiga ya cire iyakar ƙarar sauti. Bayan wani lokaci ya ƙara, ya sake ƙarawa, kullum yana zargin tsufan sifika. Sabon saitin ya mayar da komai daidai kunnen kowa.

“Tun yaushe kika san kunnena ya fara rauni?”

“An kwana biyu. Ina ɗinki a falo ina jin duk abin da take karanta maka, har da keke yana gudu. Maƙwabta sun yi min magana, na ba su haƙuri. In na kira ka daga kicin sai na zo bakin ƙofa. Na so in faɗa, na rasa ta inda zan fara. Wallahi na ji tsoro ne.”

Shi ma tsoron yake ji, bai kuma ɓoye ba. Ya nemo maɓallin ƙara sauti, ya fara dannawa, yana tsayawa bayan kowace dannawa ya saurara. Can ya jiyo ta, siririya, kamar ana magana a ɗakin maƙwabta. Ya ƙara, ta matso kusa, har ya soma rarrabe kalmomi in ya karkata kunnen dama. Ya sake dannawa, bai ji ta ƙaru ba.

“Sa tabarau ki duba min,” ya ce. “Akwai layin da ke nuna ƙarfin sauti. Ina ya tsaya?”

Ta sa, ta sunkuya kan allon, ta ɗan jima.

“Ya kai ƙarshe, Malam. Babu sauran wurin ƙarawa.”

Ya gyaɗa kai. Ya jawo sifikar dama har bakin tebur, ya sunkuyar da kansa kusa da ita, ya ɗora yatsunsa a kan madannai. Matarsa ba ta koma kan kekenta ba, ta zauna a kujerar roba tana sauraro tare da shi.